Fensir a Gefen Shafi

Litinin, 2 ga wata, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Yau kwana goma sha tara da fitar Mamana daga gida. Na rubuta "fita" don ban san wata kalmar da zan sa ba. 'Yata ce, sunan mahaifiyata na sa mata, shi ya sa bakina bai taɓa kama sunanta ba. Mamana nake ce mata tun tana cikin zanen goyo. Lambarta ba ta shiga a wayata. A wayar uwarta tana shiga.

Ban saba da irin wannan rubutun ba, aikina ma gogewa ne. Shekara ashirin da shida ina ɗan ɗakin nan na bayan laburare, ina ɗinke littafin da ya kwance, ina manne bangon da ya ɓalle, ina share duk abin da masu aro suka zana da fensir. Likita 'yan ofis suke ce min, tun ina jin haushi har na saba amsawa. Kuma ina da dabarata: in zan goge littafi, juya shi nake yi kai a ƙasa. In na bar shi daidai, idona sai ya riƙa karanta shirmen mutane, aikin awa ɗaya ya cinye min wuni.

Yau aka turo min kwandon littattafan da aka dawo da su. A ciki har da na biyu cikin guda bakwai ɗin nan masu baƙin bango, na masu shan jini da masu rikiɗa, waɗanda suka haukata garin nan tun bara. Wani ya cika gefen shafukan da fensir kamar an ba shi kwangila. Na yi tsaki, na juya shi, na hau gogewa. Saura kaɗan in gama sai ya zame daga gwiwata ya faɗi, da na ɗauko shi kuma sai ya zo hannuna daidai.

Rubutun bahaguwa ne, ƙanana, sun kwanta baya. Na Mamana ne, ni na riƙe hannun nan tana shekara biyar ina fama in mayar da fensirin dama, ta ƙi.

Wuri biyu kawai suka tsira. Na farko: "Wannan marubucin bai taɓa jin tsoro ba a rayuwarsa. Mai jin tsoro ba ya tsayawa yabon labule." Sai a shafin ƙarshe: "Aikin banza. A ba ni na uku."

Na zauna da magogi a hannu har mai shara ta zo ta ce in ɗaga ƙafa.

Talata, 3 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Shafi ɗari biyu da goma sha ɗaya na goge. Na ɗaga su ɗaya bayan ɗaya a hasken taga, babu abin da ya fito.

Laraba, 4 ga wata, ƙarfe uku na yamma

Na je wajen Mai-Hatimi, matar da ke zama a teburin aro. Shekara goma sha biyar muna aiki tare, ba ta taɓa barin maganata ta faɗi ƙasa ba tare da ta taka ta ba.

Na ce, "Wa ya dawo da na biyun nan?"

Ta ce, "Likita, ka san doka. Ba a faɗin wanda ya ari littafi."

"Ni na rubuta dokar da hannuna na manna ta a bango."

"To je ka karanta ta mana."

Sai ta miƙe wai za ta sha ruwa, ta bar akwatin katuna a buɗe, kati ɗaya ya leƙo sama da sauran. Na wata tela ne, a layin da ke bayan kasuwa. Da ta dawo ba ta kalle ni ba, tana buga hatimi take cewa, "Telar doguwa ce, ba ta ko buɗe littafin, a leda take zura shi ta tafi. 'Yarka kuwa da ta yi aikin makarantarta a ƙarƙashin teburin nan shekara shida, kana ganin ban san rubutunta ba?" Na koma ɗakina.

A bayan kowane littafi muna manna farar takarda ta ra'ayin masu karatu. Ni nake manna ta, amma ban taɓa karantawa ba sai yau. A na biyun wani ya rubuta: "Na daina fita fitsari ni kaɗai, Allah ya isa." Wata ta ce: "Mai shan jinin nan ya fi mijina kula." Ƙasa da ita wani ya amsa mata: "Ki je ya sha naki." Wani kuma da babban rubutu ya ce littafin ɓata tarbiyya ne, sannan ya tambaya yaushe za a ƙaro kwafin na biyar.

Mamana ba ta rubutu a takardar. Tun tana ƙarama ta ce takardar ta masu son a gan su ce.

Juma'a, 6 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na uku ya dawo, telar ta tafi da na huɗu. Ban juya shi ba.

Na rufe ƙofa na karanta ta daga farko har ƙarshe, kamar tana zaune a kan kujerar da ke kusa da matsewar littafi, ƙarfen da nake danne bango da shi, tana kaɗa ƙafa. "Shekara ɗari huɗu a duniya bai koyi sallama ba." "Ƙarya ne, jini ba ya fita daga farin yadi da ruwan zafi, da na sanyi ake wankewa." Wannan kam ta sani, shekara huɗu ta yi tana koyon aikin jinya. A wani wurin dariya kawai ta rubuta, layi guda cur. A shafi na ɗari da casa'in kuma: "Nan na tsorata, ban ɓoye ba. Na bar fitila a kunne."

A wane ɗaki? Wa ke kusa da ita? Tun tana ƙarama in ta tsorata ba ta kuka, sai ta zo ta tsaya a ƙofarmu ta ce ta zo duba ko mun rufe taga.

Na so in ɓoye littafin a aljihun tebur, amma mutum goma sha ɗaya ke jiransa, Mai-Hatimi kuma ta leƙo sau biyu. Na kwafe maganganunta duka a bayan wannan littafin nawa, sannan na goge. Ban taɓa jin nauyin magogi ba sai yau.

Na ɗauki na ɗaya zan tafi da shi gida. Ni da nake cewa duk wanda ya karanta irin wannan ba shi da aikin yi.

Lahadi, 8 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Maiɗakina tana fita da waya zuwa matakala, ta jawo ƙofa. Ina jin muryarta, ba na jin kalmomin. Yau na jira ta shigo.

"Tana cin abinci?"

"Tana ci."

"A ina take?"

"Malam, na yi mata alkawari."

"To ki ce mata..."

Ta ɗaga hannu. "A'a. Ni ba zan ɗauki saƙo ba. Ba ta bakina maganar ta fita ba, ba kuma ta bakina za ta koma ba. Kuma in ka je ka tare ta a hanya, wallahi ƙara nisa za ta yi. Halinka ne da ita, kai ka fi kowa sani."

Ba faɗa take yi ba, da faɗa ne da ya fi min sauƙi. Ta zuba min shayi ta koma kicin.

Takardar ɗaukar aikin da wani asibiti ya aiko wa Mamana tana cikin aljihun teburina na ofis. Gida huɗu ta rabu da na yaga ta. Na haɗa ta da siririn gam ta baya, sai ka ɗaga ta a haske za ka ga tabon. Duk garin nan babu wanda zai iya haɗa ta haka, kuma babu amfanin da hakan ya yi wa kowa.

Na gama na ɗaya. Wani gari ne a bakin kogi. Masu shan jini sun tare a tsohon otal, dangin wani tsoho mai kwale-kwale kuma suna rikiɗa su koma dila in wata ya cika. Shirme ne tsantsa. Shayina ya huce sau biyu ban sani ba.

Talata, 10 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Na huɗu ya dawo.

A cikinsa tsohon nan mai kwale-kwale yake ɗaure 'yarsa da igiya a jikin turken gida duk sanda wata ya cika, don kada ta rikiɗa ta haye kogin. Ɗansa ya taɓa hayewa, kwale-kwalen ne kawai ya dawo. Mai-Hatimi ta ce ita tun daga nan take addu'ar a cinye tsohon kowa ya huta. Na ce mata ba ta fahimci mutumin ba. Ta cire tabarau ta dube ni ta ce, "Likita, yaushe ka fara karantawa?" Na ce aiki ne ya sa.

Mamana ba ta yi dariya ko sau ɗaya a wannan ba. A shafin igiyar ta danna fensirin har ya fito ta baya: "Igiyar nan ba don ita ba ce. Don wanda ya riga ya tafi ce. Amma wuyanta ne ke ciki."

Na kwafe. Na goge. Sawun ya ƙi fita, na bar shi haka.

Laraba, 11 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Na tsaya a ƙofar ɗakin yayanta. Shekara biyar da rasuwarsa. Ban buɗe ba.

Alhamis, 12 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Na dawo na tarar da maiɗakina a kan kujera tana sauko da babban akwati daga saman kabad. Na riƙe mata kujerar. Ta share ƙurar, ta saka bargo mai kauri da tawul biyu da ƙaramar tukunyar nan mai jan murfi. Ban tambaya ba, ita ta faɗa, idonta a kan akwatin.

"Asibitin sun sake aiko mata da wata takardar. Ranar Asabar, ashirin da takwas, za ta tafi."

Kwana biyu a mota ne wurin. Hanyar da ta ci yayanta ce dai, babu wata.

Na ce, "Ki sa mata fitilar hannu." Ta ce ta riga ta sa.

Saura kwana goma sha shida. Littafi uku suka rage, na biyar yana hannunta. In ta gama na bakwai, shi ke nan, babu sauran inda zan ji muryarta. Kalma shida na faɗa a bakin ƙofa ranar da ta fita, na ƙirga su ya fi sau ɗari. Ba zan rubuta su a nan ba.

Juma'a, 13 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Na ɗauko na shida daga kanta kafin telar ta zo. Na fere fensir. Ni da na kori ɗalibai daga zauren karatu a kan ƙasa da haka.

Na buɗe shafi na goma na rubuta: "Tsohon yana da dalilinsa."

Na daɗe ina kallonsa. Wato kwana talatin yarinya ba ta gida, na samu hanya ɗaya tak da zan yi mata magana, abin da na ga dama in aika mata shi ne ci gaban gardama. Uwarta ta yi gaskiya. Na goge, na mayar kanta.

Asabar, 14 ga wata, ƙarfe goma sha biyu na rana

Na biyar ya dawo, na shida ya fita fes. Na hango telar ta tagata, doguwa da jakar leda, har ta sha kwana.

Rubutun ya ragu. Wuri tara kawai. "Na gaji da wannan soyayyar, a koma wa dilolin." "Babu wanda ke wanka a garin nan?" Na ƙarshen a kusa da ɗinki, ƙarami sosai: "Ina kewar gida. Ba littafin nake nufi ba."

Ina kewarki, Mamana. Na rubuta a nan inda ba za ki gani ba, abin da na ƙware a kai ke nan.

Litinin, 16 ga wata, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Kwafi ɗaya muke da shi na na bakwai, kuma mako uku yana hannun tsohon hedimasta, wanda ya rubuta mana wasiƙa har shafi biyu yana neman a kwashe littattafan daga kanta. Na tashi da wuri na je gidansa. Na same shi a baranda, littafin a cinya, ya lulluɓe bangon da jarida.

Ya ce, "Bincike nake yi, don in san irin gubar da ake ba yaranmu."

Na ce, "Ranka ya daɗe, bangon ne ya saki, za a ɗinke."

"Bangon lafiyarsa lau. Saura shafi talatin, ka zauna."

Na zauna. Yana karantawa yana motsa leɓe, yana lasar yatsa kafin ya juya shafi. Da ya kai ƙarshe ya cire tabarau ya daɗe yana goge su da bakin riga. Ya ce, "Rubutu mara kan gado. Nahawu babu, tarbiyya babu." Ya mayar da tabarau. "Amma bai kamata tsohon ya mutu kafin ta dawo ba. Sauran kwana ɗaya fa."

Ya lalata min ƙarshen, kuma ban iya yi masa fushi ba. Na karɓi littafin na rungume shi a ƙirji har ofis.

Talata, 17 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Na rubuta. Tun ƙarfe tara nake yi, ban ci abincin rana ba. Na fara daga shafi na ɗaya, na bi gefe-gefe har shafi na arba'in da uku, fensir biyu suka ƙare.

Na faɗa mata abin da ban taɓa faɗa wa uwarta ba game da ranar da aka kira ni a waya a kan yayanta. Na faɗa mata abin da na gani a idona lokacin da ta miƙo min takardar tana murmushi. Kalmomi shidan nan na rubuta su, na janye su ɗaya bayan ɗaya. Ban kare kaina ba, sau biyu na fara, na goge.

Na bar shi a kan teburina, gobe da safe in kai shi kanta da hannuna. Jikina yana ɗan rawa, ina jin sanyi a baya. Yunwa ce, ina tsammani.

Alhamis, 19 ga wata, da rana

Zazzaɓi. Ban san ƙarfe nawa ba.

Asabar, 21 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Yau na iya zama. Maiɗakina ta ce na yi ta surutu a kan dila da kwale-kwale har ta tsorata ta kira maƙwabci. Na roƙe ta kada ta gaya wa Mamana, ta ce ba ta gaya mata ba, yarinyar tana da abin da ya ishe ta.

Littafin yana kan tebur a kulle. In telar ta zo ba ta samu ba, za ta dawo. Saura mako ɗaya, zai isa.

Litinin, 23 ga wata, ƙarfe goma na safe

Teburina fes. Kwandon babu komai, an jera burushi da allura, har tukunyar gam an wanke.

Mai-Hatimi ta shigo da fara'arta. "Likita, sannu da jiki. Ka ga na rage maka aiki? Na karɓi makulli wajen mai gadi. Ranar Alhamis telar ta zo neman na bakwai, na same shi a nan wani ɗan banza ya cika shi da fensir, shafi arba'in da wani abu. Na zauna na goge shi tas kafin in ba ta."

Na ce, "Kin karanta?"

"Haba, yadda ka koya min na yi. Kai a ƙasa."

Ban san me fuskata ta yi ba. Na dai ga fara'ar ta zube, ta dafa bakin ƙofa, ta dubi fensir biyun da suka rage guntaye a cikin kofi. Ta ce, "Likita... naka ne?" Na ce ba komai. Ta ce, "Wayyo ni." Ta fita, na ji ta a bayan kanta tana fyace hanci, mutane na jira a layi.

Ba laifinta. Ni na koya mata, har ina yi mata faɗa in ta manta.

Talata, 24 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Na gwada sake rubutawa a farar takarda. Ba ya fitowa. Saura kwana huɗu.

Laraba, 25 ga wata, ƙarfe uku da rabi na yamma

Na bakwai ya dawo. Mai-Hatimi ta kawo min shi da kanta, ta ajiye da hannu biyu ta fita. Telar ba ta ɗauki komai ba, ta ma mayar da katin.

Shafi arba'in da ukun farko babu ko ɗigo, nata ko nawa. Can tsakiya wuri biyu. A ƙarshe, inda tsohon ya mutu yarinyar na tsallaken kogi: "Ban yafe wa marubucin nan ba. Littafi bakwai, ya kasa barin su su zauna su sha shayi sau ɗaya."

Na ɗauka shi ke nan. Ina rufewa sai na ga rubutu a cikin bangon baya, can ƙasa, inda gam ke ɓoye bakin takarda, wurin da babu mai dubawa sai mai ɗinki.

"Wa ya goge littafin nan? Ɓurɓushin magogi ya cika tsakanin shafuka, an kuma yaga kusurwar shafi na goma sha bakwai. Baba ba ya aiki haka. Guda shida na karɓa daga hannunsa, na sani. Baba, ba ka da lafiya ne?"

Ashe ta sani. Tun daga na farko ta san teburin da suke sauka. Duk dariyar nan, da fitilar, da igiyar, ni take gaya wa, ni kuma ina nan ina kwafewa a ɓoye kamar ɓarawo. Na kifa kaina a kan matsewar littafi na yi kukan da ban yi ba shekara biyar.

Da na tashi ban nemi fensir ba. Na ciro biro daga aljihun riga. Layi huɗu na rubuta a ƙarƙashin nata: "Zazzaɓi ne, na warke. Ni na yi kuskure, ba ke ba. Ki tafi aikinki da albarkata, Mamana. Ina so in gan ki kafin ki tafi."

Na kai wa Mai-Hatimi na ce ta buga shi a katina. Ta buɗe bangon, ta ga tawada, ta dube ni. Ta buga hatimin da ƙarfin da sai da akwatin katuna ya yi tsalle.

Alhamis, 26 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Shagon telar ƙarami ne, keke biyu da madubi mai tsaga, ƙyallaye sun rufe ƙasa. Na yi sallama. Ta ɗago da allura a baki, ta gane ni kafin in faɗi ko ni wane ne.

Na ce, "Ba tambaya na zo yi ba, 'yata. Ba sai kin gaya min inda take ba. Wannan kawai."

Ta cire allurar ta ce, "Baba, ai ta gama wannan."

"Akwai shafin da ba ta gani ba."

Ta karɓa ta zura a leda. A ƙugiyar bayanta akwai fararen riguna uku na ma'aikatan jinya, sababbi, an ɗinke su an goge. Gajeru ne, daidai Mamana. Ban taɓa su ba, amma ta ga ina kallo, sai ta ce, "Ta ce a ƙara faɗin aljihun, don ya ɗauki littafi."

Na gode mata na fito. Na wuce tashar motar da zan hau har layi biyu kafin in lura.

Juma'a, 27 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Shiru. Duk wanda ya turo ƙofar gaba sai na miƙe. Na manna bango ɗaya a juye.

Juma'a, ƙarfe shida saura kwata na yamma

Mai gadi ya fara rufe tagogi telar ta shigo tana haki. Ba ta je teburin aro ba, kai tsaye ɗakina ta zo ta miƙo ledar. Ƙullin ya ƙi kwancewa, sai da Mai-Hatimi ta yanke shi da almakashina.

A ƙarƙashin layukana, da fensir:

"Baba, da biro? A littafin laburare? Wa zai goge wannan?

"Mota ƙarfe bakwai za ta tashi, babbar tasha, layi na huɗu. Ka karya kafin ka fito. Kada ka zo da wa'azi."

Asabar, 28 ga wata, ƙarfe goma na safe

Mamana ta rame. Ta yanke shawarar ba za ta yi kuka ba, na gani a haɓarta, ni ma na taya ta.

Minti goma sha biyu muka samu. Uwarta ta tsaya can wajen akwati tana faɗa da mai ɗora kaya, da gangan. Na tanadi magana tun jiya, amma da na buɗe baki sai na ji na ce na huɗu ya fi sauran. Ta ce na uku ne, na huɗu wa'azi ya yi masa yawa. Na ce mai shan jinin otal ɗin ya fi kowa hankali a garin. Ta ce ai dama, tsofaffi sai junansu. Minti takwas muka ɓata a haka, tana riƙe da hannun rigata ba ta sani ba.

Da direba ya danna ham, na ce, "Mamana, ki yafe min." Ta ce, "Na karanta, Baba." Sai ta ɗora bayan hannunta a goshina, ta ɗan jira, ta ɓata fuska irin ta masu aikinsu. Ta ce, "Da saura. Ka shanye maganin duka, kada ka ji sauƙi ka bari."

Ta hau. Kujerarta ta ɗaya gefen ce, ban ga fuskarta ba da motar ta fita.

Na dawo gida na sha na safe. Na kwana uku ya rage a kwalin, zan sha su a kan lokaci yadda ta ce. Har yanzu ina jin sanyin hannunta a goshina, ban wanke fuska ba.